Haɗin Mai Azumi

Ɗana Ayuba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, wadda baki ke gajiya da ita zuciya ba ta gaji ba. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Yamai lafiya, mota ba ta ba ku wahala a hanya ba, masu masauki kuma sun karɓe ka hannu biyu. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Na cusa ta cikin naɗin rigarka ta Juma'a, don na san ita ce ta ƙarshe da za ka warware. Da saƙon murya na so in yi maka, sai ƙanwarka Balkisa ta tona maka asiri, ta ce akwai inda kake dannawa a waya muryata ta riƙa gudu kamar ana kora ta. To, takarda ba ta gudu. Rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, in ka ga kalma ta karkace ka miƙe ta da kanka.

Ba labarin Malbaza zan ba ka ba, ka fi ni saninsa. Za ka zauna shagon wancan bawan Allah ɗan Badaguishiri, kana haɗa masa ruwan ƙamshin da ake zubawa cikin shishar aljihu, wannan sigari mai caji da ake busa wa hayaƙi mai ƙamshin kayan marmari. Babanku ya ce bai hana ka ba, bai kuma tura ka ba. Ni ma sana'ar ba ta kwanta mini ba, ban ɓoye maka ba. Ka ce manya ke saye, galibi masu neman rabuwa da taba. Allah ya sa haka ne. Izin, wato masana'antar siminti, bai ɗauke ka aiki ba, lambu bai ishe ka kai da yayyenka ba, ba zan ce ka zauna bakin gudure, titin kwalta, kana kallon manyan motoci suna wucewa ba. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni: kana zuƙar abin da kake haɗawa, kuma ina jin tsoro a kan ƙirjinka.

Kada ka ce a'a. Cikin sanyin da ya wuce na ɗauki rigarka zan wanke, ƙamshin mangwaro ya buge ni, alhali ko ɗanye babu a kasuwa. Ga kuma ɗan tarin da kake yi in ka duƙa alwala. Ruwa ba ya tsami banza. Ka tuna na tare ka a zaure na ce, "Ayuba, mi kaka zuƙa?"

Ka ce, "Inna, ba sha nika yi ba, gwadawa ta kawai. Ai sai an gwada akan san na ƙwarai."

Na juya na koma ciki, ka ɗauka ka ci ni da magana. Ba ka ci ni ba, nauyi maganar ta yi mini, don na san bakin da ka koye ta. Zan zo kanta. Bari in fara da abin da ka fi son ji, wato haɗi, tun da ko ba komai ni na riga ka shiga cikinsa, kuma ɓarnar da na yi ta ishe mu mu biyu.

Lokacin da na fara sayar da ƙanƙara a ƙofar izin ba a haife ka ba. Matar wani jandarma da aka canza wa wurin aiki ta sayar mini da tsohon firigonta, na fara ɗaura zoɓo da tsamiya a leda. Ana saye daidai gwargwado. Sai ran nan na je kasuwar Konni na ga 'yan kwalaben nan na ƙetare, waɗanda mutanen can ke kira filebo, ku 'yan lakwal, masu karatun boko, ku ce arom. Na buɗe ta abarba na shinshina, na ji kamar a gonarta nake. Na sayi abarba, na sayi ayaba, da kwakwa, da fanila, da wata ja da har yau ban san sunan itacenta ba. Na dawo gida na ce yau Malbaza za ta san an yi zoɓo. Na zuba su duka cikin tukunya ɗaya, na bi su da citta da kanumfari.

Wani direba ne ya fara saye, dattijo mai yawan barkwanci. Ya ciji bakin ledar ya tsotsa, ya tsaya yana kallon sama. Ya ce, "Baiwar Allah, mi kinka sa ciki? Na ji abarba ta taso za ta gaishe ni, ayaba ta danne ta, kanumfari ya zo ya kore su duka. Wanga ai tashar Konni ta ran kasuwa."

Na ce, "To zoɓon fa?"

Ya ce, "Au, da zoɓo ciki?"

Abokansa suka yi ta dariya, ni kuwa na koma gida da kula cike. Abin da na koya a ranar shi zan ba ka. In za ka haɗa ƙamshi, fara tambayar kanka wa zai ɗauki kayan. Guda ɗaya ne, kuma shi ya kamata mai saye ya kira da sunansa tun jin farko. Na biyu aikinsa ya taya shi ɗorawa, ba ya ƙwace ba. In akwai na uku, ya tsaya can baya, a ji shi bayan an haɗiye. Mangwaro shi kaɗai yana da nauyi, ɗan lemun tsami ke farkar da shi. Kankana ba ta da ƙarfi, in ka haɗa ta da ayaba ka binne ta. Fanila da madara suna rufe kaifin abu, amma ba sa shiri da mai tsami sosai. Na ga kwalbar da ka yi wa Idi mai gyaran babur, ka ce mini kala shida ka sa, kana faɗa kana alfahari. Na shinshina na tuna da direban nan, Allah ya jiƙansa in ya rasu.

Akwai kuma masu ƙarfin hali, waɗanda ɗigo ɗaya ya ishe su. A wurina kanumfari ne da na'ana'a, a wurinka na ji akwai wanda kuke kira sanyi. Na taɓa jiƙa na'ana'a cikin wani bido, jarkar roba, na wanke shi da sabulu har sau nawa, na zuba kuka da madara. Duk wanda ya saya sai ya tambaye ni ko maganin mura na koma sayarwa. Roba ba ta mantuwa. Ka ware wa masu ƙarfin nan kwalabensu da abin awonsu, kada su yi tarayya da kowa. Kuma ka sa su a ƙarshe, kaɗan kaɗan, don abin da ka zuba ba ya komawa kwalba.

Wata ɓarnar ta fi wannan ciwo, don ta jama'a ce. An ba ni aikin tsamiya na sunan ɗan wata malamar lakwal, bido manya. Tun hantsi nake cikin ƙamshi, na dafa wannan na tace wancan. Da na zo sa fanila na shinshina, ban ji komai ba. Na ƙara, ban ji ba. Na zagi mai kantin a zuciyata na ce ruwa ya sayar mini, na juye sauran. Ashe fanilar lafiyarta lau, hancina ne ya gaji ya daina gaya mini gaskiya. Da tsamiyar ta kwana, gari ya waye na buɗe bidon, sai na ji kamar na buɗe kwalin sabulu. Mata suka kurɓa suka ajiye, ba wadda ta ƙara kai kofi baki, kuma wannan ya fi zagi. Don haka in ka daɗe cikin kwalabe ka ji ƙamshi ya ɓace maka, kada ka ƙara ko ɗigo. Rufe su, fita waje, sha ruwa, ka dawo bayan la'asar. Kuma kada ka yanke wa haɗi hukunci ranar da ka yi shi. Tsamiyata kwana ɗaya take so kafin ta faɗi abin da ke cikinta, naka na ji kana cewa yana son kwanaki a wuri mai duhu. Ba shi kwanakinsa, ko da maigidanka yana tsaye a kanka.

Yanzu ka gyara zama, don na nan gaba ba maganar daɗi ba ce, maganar rai ce. Kwalbar ayabata da ta ɓace daga bisa kantar ɗakina, na san wanda ya ɗauka. Na yafe, amma kada ka ƙara. Wata shekara filebo ya ƙare mini, hanya ta rufe ba a samun na ƙetare. Maƙwabciyarmu mai haɗa humra ta ba ni wata 'yar kwalba mai ƙamshin fure, ta ce ai ƙamshi ƙamshi ne. Na ɗiga cikin zoɓo na ga yana yawo a sama kamar man miya. Allah ya so ni na fara kurɓa kafin in ɗaura. Maƙogwarona ya yini yana ƙuna, na amayar da abin da na ci, na zubar da tukunyar a bayan gida. Abin da aka yi don fata ba na ciki ba ne. Haka nan abin da aka yi don ciki ba lalle ya zama na huhu ba. Ni ciki ya cece ni, ya maido abin da bai so. Huhu ba ya amai, Ayuba. Kada ka sa wa mutane turare, kada ka sa wani abu mai maiƙo, kada ka sa filebon girki don ya fi arha. In ba wanda aka yi don wannan aikin ba ne, kuma ka san inda ya fito, bar shi ko da ƙamshinsa ya kai na aljanna.

Wancan ruwan tabar kuwa da kuke kira nikotin, kai da bakinka ka ce guba ne in ya taɓa fata ko ya shiga baki. Na gan ka kana zuba shi hannu tsirara kana amsa waya. Ka sa safar hannu, ka kulle shi, ka rubuta a jikin kowace kwalba abin da ke ciki. Yaro ba ya karatu, hancinsa yake bi, kuma kayanku ƙamshin alewa gare su. Ni na san abin da ƙamshi ke yi wa yaro, don na yi shekaru ina kai kula ƙofar lakwal, ina ƙara kala da zaƙi da gangan, yara suna barin kunun safe don ledata. Ban ga laifin abin ba sai da na girma. In aka ce ka haɗa wanda zai ja 'yan lakwal, ka ce hannunka bai iya ba. In mai kayan makaranta ya shigo shago, nuna masa ƙofa, ko da ya ce yayansa ne ya aiko shi.

To, mu dawo kan gwadawa.

Ba a haife ni da ciwon suga ba, kuma ni ba mai kwaɗayi ba ce, kowa ya shaida. Ban taɓa zama na shanye leda guda ta ƙanƙarata ba. Ɗanɗanawa kawai nake yi. Cokali ɗaya in ji sukari, cokali ɗaya bayan na ƙara, ɗaya ga zoɓo, ɗaya ga tsamiya, ɗaya ga kuka, safe da rana, shekara da shekaru. Da wani ya ce mini ina shan zaƙi da na rantse masa ban sha. Sai ƙishirwa ta fara damuna, idona ya fara hazo, ƙafafuna suna zugi. Lokotoro a Konni ya duba jinina ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa masa sai ya ce, "Inna, ke ce babbar mai sayen kayanki, ba ki dai biya." Ya hana ni sukari har abada. Haƙoran da kake yi mini tsiya da su, can suka tafi. Kwalin magungunan da ke ƙarƙashin gadona, da yatsan ƙafar da har yau bai warke ba, duk cokali ɗaya ɗaya ne suka taru.

Na dawo gida ina tunanin yadda zan yi sana'a ba harshe. Sai na waiga na gan ka, kana ɗan ƙaraminka ka dawo daga lakwal, kana lasar murfin tukunya. Na miƙa maka cokali na ce, "Ɗanɗana mini." Ka kurɓa ka ɓata fuska ka ce, "Inna, citta ta yi yawa, abarba ba ta hito ba." Na yi mamaki, don gaskiya ka faɗa. Daga ranar ka zama harshena. Ina jin daɗi, ina gaya wa mata cewa ɗana ya gado ni, har ya fi ni. In ka yi jinkiri ni ke ce maka, "Kurɓa mana, sai an gwada akan san na ƙwarai." Ka ga inda maganar ta fito. Hancin da zai ciyar da kai a Yamai ni na wasa shi, ina alfahari da wannan. Amma tare da shi na koya maka cewa mai haɗi dole ya sa abin a jikinsa, kuma ɗan kaɗan ba komai ba ne. Wannan ƙarya ce, ni ce shaida. Naka kuma ya fi nawa sharri, don sukari ba ya tashin mutum ya neme shi kamar yadda taba ke yi. A gida kwalba biyu uku kake yi. A shago za ka yini kana haɗawa. In kowace sai ka zuƙa, kafin damina ka fi duk masu sayenka sha, kana nan kana cewa gwadawa ce. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na san abin da za ka ce: yaya za a yi haɗi ba a ji shi ba? Ana yi, kuma na yi, sai dai ban lura da darasin ba sai da lokaci ya ƙure mini. Ka tuna watan azumi, lokacin da ciniki ya fi kowane lokaci. Da rana nake haɗa kayan buɗa baki, ina azumi, kai ma da ka tasa kana yi. Ba mai kurɓa. Wasu mata suna taɓawa da bakin harshe su tofar, ni tsoro nake ji. Dole ta sa na tsayar da awo: kofi ɗaya da ba na canzawa, murfin kwalba ɗaya, ɗigo a ƙirge, ba ƙari don zuciya ta raya mini. Ina duba kala a hasken rana. Ina ɗiga kaɗan a bayan cokali, in riƙe shi nesa da hanci in bar iska ta kawo mini. Da an kira magariba sai in tsaya in dubi fuskar wanda ya fara sha. Ba na tambayarsa ko ya yi daɗi, don Bahaushe ba ya kushe abu a gaban mai shi. Ina duba ko ya tsotse ledar har ƙarshe, ko gobe ya dawo. Kuma kowa a unguwa ya san zoɓona na azumi ya fi na sauran watanni. Ina cewa albarkar wata ce. Akwai albarka, amma akwai kuma cewa a watan ne kaɗai ba na bin harshena yana kai ni yana kawo ni.

Haka nake so ka yi aikinka, kamar mai azumi. Ka auna, ka rubuta a jikin kwalba, ka shinshina daga nesa, ka bar shi ya kwana. Masu saye sun riga sun saba da abinsu, su za su gaya maka, kai dai ka iya kallo da saurare. Ka faɗa wa maigidanka tun ranar farko cewa kai haɗawa kake yi, ba ka zuƙa. In ya ce sai ka zuƙa, ɗauko jakarka ka dawo, ba wanda zai yi maka dariya a gidan nan, wanda ya yi kuwa da ni zai gamu. In kuma abin ya riga ya kama ka har ba ka iya bari kai kaɗai, kada kunya ta hana ka zuwa wurin lokotoro, kuma kada ka ɓoye mini.

Ban iya roƙonka abin da ni ban yi ba. Shekaranjiya da kana wurin ɗinki, na dafa zoɓo na tsaya da cokali a hannu, na rasa wa zan miƙa wa. Balkisa ta taso da gudu ta ce, "Inna, kawo in ɗanɗana miki, tun da yaya za shi tahiya ni ka gadon aikin." Har na miƙa hannu. Sai na dubi bakinta, haƙoranta farare tas, na maida cokalin cikin tukunya. Na ce mata aikin nan ya mutu, ba mai gadonsa. Ta yi fushi ta shige ɗaki, ni ma na zauna na yi kukan da ban yi a gabanka ba.

Saboda haka ga alkawarina. Daga yau har in bar sana'ar nan, ba cokalin da zai shiga bakina ko bakin wani ɗa nawa da sunan gwaji. In zoɓon ya lalace ya lalace, in masu saye sun gudu su gudu. Ni zan haɗa a nan ban kurɓa ba, kai ka haɗa a can ba ka zuƙa ba. Ba ni da hanyar ganinka, ba kuma zan sa a yi mini gadinka ba. In ka kira ni ranar Juma'a ba zan tambaye ka ba, zan dai saurari numfashinka tsakanin magana, kuma ka san kunnena bai tsufa ba. Ni na riga na biya nawa da ƙafa da haƙori. Kai ƙirji ɗaya gare ka, kuma ni na ɗauke shi wata tara kafin ka san kana da shi. Ka riƙe mini shi amana.

Babanku yana gaishe ka, ko da bai ce in rubuta ba, na ga ya daɗe yana gyara igiyar jakarka. Ka riƙe salla, ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini, ka gai da maigidanka da iyalinsa. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin gari, ya tsare mutane daga sharrin hannunka, ya ba ka abin da ya fi wannan sana'a alheri in akwai shi a gaba. Allah ya yi maka albarka, ya maido mini kai da lafiyarka. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna